Likita ya rubuta wa Baba «ataxie»: me take nufi, kuma ina aka dosa?

Wata ƴar'uwa daga unguwar Zariya a nan Maradi ta aiko da wannan tambaya: «Mahaifina ɗan kasuwa ne, ya haura shekara 60. Wata 5 ke nan tafiyarsa ta canza, yana tangaɗi, in ya ɗauki kofin shayi sai ya zubar, maganarsa ma ta yi nauyi. Mun kai shi asibiti, likita ya rubuta ataxie a takarda, ya ce a yi gwaje-gwaje. A gida wasu sun ce shanyewar jiki ce, wasu sun ce iska, har akwai wanda ya yi raɗa cewa ko ya fara shaye-shaye. Mece ce ma'anar kalmar da Hausa? Ana warkewa? Mu ƴaƴansa za mu gada?»

Ƴar'uwa, sannunku da jinya. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ce, ku kuma Ya saka muku da alheri bisa ɗawainiyar da kuke yi.

Abin da nake so ki fara riƙewa shi ne, ataxie ba sunan cuta ba ne. Sunan abin da likita ya gani da idonsa ne a jikin Baba. In aka rubuta wa mutum «zazzaɓi», ai ba a gama magana ba, don sai an bincika ko na sauro ne, ko taifot, ko sanƙarau. To haka wannan kalma take. Likitan ya faɗi alamar, gwaje-gwajen da ya rubuta kuma su ne neman abin da ya haddasa ta. Na sha ganin iyalai sun karɓi takarda, sun ga baƙuwar kalma, sun ɗauka an yanke hukunci ke nan, sai su naɗe takardar su koma gida. Wannan shi ne abin da nake roƙonku kada ku yi, domin a cikin abubuwan da ke kawo wannan alama akwai waɗanda allura ko daina shan wani magani kaɗai ke gyarawa, muddin ba a makara ba.

Kalmar asalinta Girkanci ce. Taksis na nufin tsari ko jeri, «a» ɗin da ke gabanta kuma korewa ce, wato rashin tsari. Girkawan dā har rundunar da ta wargaje sahu suna kira da ita. Likitan Faransa Duchenne de Boulogne ne ya sa ta shahara da ma'anarta ta yau, a 1858, lokacin da ya yi bayanin wasu majinyata da ƙafafunsu ke da ƙarfi sarai amma suka kasa tafiya daidai. A takardunmu na Nijar za ki ga ataxie, in kuma Katsina ko Kano kuka je za a rubuta ataxia. Abu ɗaya ne, mu ce ataksiya. Hausa ba ta da kalma guda da ta tattara ma'anar duka, sai dai tana da sunayen ɓangarorinta: tangaɗi ko layi a tafiya, kuskuren hannu in an miƙa shi, nauyin baki, rawar ido. Ni in zan faɗa wa majinyaci, cewa nake yi rashin saitin motsi, ko rashin daidaiton motsi. Ƙarfin na nan, saitin ne ya ɓace.

Kin san lugude. Mata biyu ko uku a kan turmi ɗaya, kowace da taɓaryarta. Ba ƙarfin damtse kaɗai ke sa dakan ya yi kyau ba, sanin lokaci ne: wannan na ɗagawa, waccan na saukewa. Da zarar ɗaya ta yi gaggawa ko ta makara, sai taɓare su gwabzu, hatsi ya fantsama, alhali babu wadda ƙarfinta ya ragu. Ɗaukar kofin shayi zuwa baki aikin tsokoki masu yawa ne, na kafaɗa, na damtse, na wuyan hannu, na yatsu, wata na ja wata na saki, kowace a kan lokacinta kuma daidai gwargwado. Mai ataksiya yana da tsokokin duka lafiya lau, luguden ne ya rikice.

Mai tsara wannan aiki kuwa wani sashe ne na ƙwaƙwalwa da ke wajen ƙeya. In kin taɓa tsayawa inda ake fasa kan ragon layya, kin ga ƙwaƙwalwar kashi biyu ce: babba mai manyan lanƙwasa, da wata ƙarama a can baya, mai siraran layuka a jere, wadda in an yanka ta sai a ga farin zane mai rassa a cikinta. Ita ce ƙaramar ƙwaƙwalwa, cervelet a Faransanci, shi ya sa za ki iya ganin an rubuta ataxie cérébelleuse ko syndrome cérébelleux. Girmanta bai wuce kashi 10 cikin 100 na ƙwaƙwalwa ba, amma fiye da rabin ƙwayoyin jijiya na ƙwaƙwalwar duka a cikinta suke. Ba ita ke ba da umurnin a motsa ba, wannan aikin babbar ne. Nata shi ne ta gwada abin da aka yi niyya da abin da jiki ke yi a zahiri, ta gyara kafin mutum ma ya ankara. Don ta yi haka, labari na zo mata ta hanya uku: daga ido, daga wani ɗan ma'auni da ke can cikin kunne, da kuma daga jijiyoyin gaɓoɓi da tsoka, waɗanda ke bi ta laka su sanar da ita inda ƙafa take da inda hannu yake ko da ido a rufe.

Saboda haka ataksiya iri uku ce, kuma bambanta su shi ne rabin aikin likita.

In ita ƙaramar ƙwaƙwalwar ce ta taɓu, mutum yakan ware ƙafafu in zai tsaya ko zai yi tafiya, ya riƙa layi hagu da dama, juyawa ta fi komai ba shi wahala, kuma buɗe ido ba ya taimakonsa sosai. Wataƙila kin ga likita ya ce wa Baba ya taɓa hancinsa da yatsa, sannan ya taɓa yatsan likitan, ya yi ta maimaitawa. Ki lura da abin da ke faruwa: hannun yakan taso lafiya, sai ya kusa isa wurin sannan ya fara rawa, ya zarce ya taɓa kunci ko leɓe, ya dawo ya gyara, ya sake zarcewa. Shi ya sa kofi ke zubewa daf da baki, ba tun daga faranti ba. Akan sa shi ya ja diddigen ƙafa ɗaya bisa ƙwaurin ɗayar, ko ya riƙa kifa tafin hannu yana birkita shi da sauri, ko ya taka layi ɗaya diddige na taɓa yatsu. Magana takan fito a rarrabe, gaɓa-gaɓa, wani wuri da ƙarfi wani wuri a shaƙe. Ido kuma in ya kalli gefe yakan yi ɗan fizge-fizge. Wani abin lura: in ɓarin dama na ƙaramar ƙwaƙwalwa ne ya lalace, ɓarin dama na jiki ne ke nunawa, saɓanin babbar ƙwaƙwalwa da ke juya abin.

Iri na biyu shi ne wanda labarin ƙafa ya daina isowa, ko don jijiyoyin ƙafar sun lalace ko don lakar ta taɓu. Wannan mutumin idonsa ne ke riƙe da shi. Da rana yana lallaɓawa, yana kallon ƙafafunsa, yana buga diddige a ƙasa da ƙarfi don ya ji ya taka. Da an ɗauke wuta ko ya fita tsakar gida da dare, sai ya rasa inda yake. Da yawa sukan ce mini a wurin alwala suka fara ganewa: sun rufe ido za su wanke fuska, sai suka ji za su kifa. Takalmi kan fice musu ba su sani ba. Gwajinsa mai sauƙi ne, a tsai da mutum ƙafa a haɗe, a ce ya rufe ido, mai duba shi na tsaye kusa don ya tare. In ya tsaya da ido buɗe amma ya tafi luu da ya rufe, to alamar Romberg ke nan, sunan likitan Jamus da ya bayyana ta a ƙarni na 19. Maganar irin wannan mutum ba ta canzawa.

Na uku na cikin kunne ne: jiri ko juwa mai tsanani, gari na juyawa, amai, rinjaya gefe ɗaya, wani lokaci da ƙara a kunne ko raguwar ji. Hannu da magana lafiya lau.

Yadda kika kwatanta Baba, tafiya da hannu da magana duk sun taɓu, ya fi karkata ga iri na farko, amma likitan da ya duba shi da hannunsa ne zai tabbatar, don wani lokaci iri biyu kan haɗu a mutum ɗaya.

Yanzu maganganun gida. Shanyewar ɓarin jiki ƙarfi take ɗaukewa: hannu ya saki, ƙafa ta riƙa jan ƙasa, baki ya karkace. Ki ba Baba hannu ki ce ya matse, za ki ji ƙarfinsa na nan. Shan inna ciwon ƙuruciya ne mai tsotse ƙafa. Cutar Fakinsan, wadda ake yawan rikitawa da wannan, rawar hannunta tana zuwa ne in hannun na ajiye a cinya, ta lafa in an miƙa shi, tafiyar kuma gajerun taku ne a sunkuye ƙafafu kusa da juna. Kusan kishiyar ataksiya ce. Akwai kuma kalmomi masu kama da ita a takarda da bai kamata a haɗa ba. Aphasie ɓacewar kalmomi ce, mutum ya rasa sunan abu ko ya kasa fahimtar abin da aka ce. Baba ya san abin da zai faɗa, bakin ne ba ya bin sa, wannan kuwa dysarthrie ake rubutawa. Asthénie kasala ce kawai. In kin ga marche ataxique, tafiyar ake nufi. Dysmétrie kuma wannan zarcewar hannu ce. Likitocin dabbobi ma da kalmar suke aiki: ɗan akuya ko ɗan tunkiya da ke tangaɗi da ƙafafun baya saboda uwarsa ta rasa sinadarin jan ƙarfe a abinci tana da cikinsa, ataksiya suke rubuta masa.

Raɗar shaye-shaye ita ce ta fi yi mini ciwo a tambayarki, domin na san abin da take yi wa dattijo mai mutunci. Dalilin kamannin a fili yake: giya tana bugar da ƙaramar ƙwaƙwalwa, shi ya sa mashayi ke layi yana jan magana. Duk abin da ya taɓa wurin, ko toshewar jijiyar jini ce ko ƙari ko magani, irin wannan tafiyar zai haifar. Gaskiya ne wanda ya shekara da shekaru yana sha ƙaramar ƙwaƙwalwarsa kan tsotse, kuma likita zai tambayi Baba wannan a keɓe kamar yadda yake tambayar kowa. Amma a ga mutum na tangaɗi a ce ya sha, wannan zato ne, kuma zalunci ne. Akwai masu wannan lalura da suka daina zuwa masallaci da kasuwa ba don ƙafa ta hana su ba, sai don idon mutane. Ku ƴaƴansa ku ne za ku tare masa wannan, ku faɗa wa dangi da maƙwabta a sarari cewa ciwo ne a ƙwaƙwalwar ƙeya kuma ana kan bincike. Maganar iska kuwa, ba ni da ja da addu'a da ruƙiyya, a yi su dare da rana. Abin da nake ja da shi shi ne a jingine gwajin asibiti har wata 6 ana zagaye, ko a yi ta tsaga da ƙaho a ƙeya, ko a ɗura masa jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba.

Sai babbar tambaya: me ya kawo ta? A nan, abin da ya fi kowane na'ura amfani shi ne sanin yadda abin ya fara.

In farat ɗaya ya zo, cikin mintoci ko sa'o'i, mutum na zaune lafiya sai jiri, amai, ciwon ƙeya, ya kasa tsayuwa ko ma zama, to a ɗauka jijiyar jini ce ta toshe ko ta fashe a ƙaramar ƙwaƙwalwa har sai an tabbatar ba ita ba ce, musamman ga mai hawan jini ko ciwon suga. Hatsarinta shi ne ba ta shanye hannu ko ƙafa, sai a ce ai shawara ce ko maleriya, a sa ƙarin ruwa a gida. Wurin kuwa matsattse ne, in ya kumbura cikin kwana 2 zuwa 4 yana iya danne sashen da ke riƙe da numfashi. Wannan asibiti ake nufa a daren, ba a jiran safiya.

In cikin kwanaki ne, musamman ga yaro, sau da yawa bayan wata rashin lafiya ce. Yaro ya yi ƙarambau, ƙurajen sun bushe, bayan sati ɗaya ko biyu sai ya tashi yana tangaɗi. Yawancin irin waɗannan sukan warke sarai cikin makonni. Taifot da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani su ma suna yin haka, kuma yakan wuce. Sanƙarau, wanda mu a wannan yanki muka san shi a lokacin zafi, yakan bar yaro da kurumta da rashin tsayuwa don ya lalata cikin kunne. Amma yaron da ke tangaɗi a hankali a hankali, yana ciwon kai da amai da sassafe, ko idonsa ya fara karkacewa, a yi masa hoton kai ba da ɓata lokaci ba, domin ƙarin ƙwaƙwalwa na yara ya fi son wajen ƙeya.

Na Baba watanni ne, a mutum mai shekara 60 da ɗoriya. A irin wannan, abin da nake fara tambaya shi ne magungunan da yake sha, dukansu. Magungunan farfaɗiya irin su Gardenal, Tegretol da fenitoyin, in sun yi yawa a jini, ataksiya suke sawa. Haka Valium da danginsa na barci, haka Tramol da ake sha ba bisa ƙa'ida ba. Flagyl, wanda mutanenmu ke saye a tebur duk lokacin da ciki ya murɗa, in aka daɗe ana shan sa yana taɓa ƙaramar ƙwaƙwalwa da jijiyoyin ƙafa, kuma galibi in an daina abin na ja da baya. Allurar jentamisin da sitireftomisin kuma cikin kunne suke ƙonawa, wannan kam sau da yawa ba ya dawowa. Sai dai kada a tsai da maganin farfaɗiya kai tsaye a gida, likita ne zai rage shi ko ya sauya.

Na biyu, ƙarancin bitamin B12. Ana samun sa a nama, hanta, ƙwai, kifi da nono, amma dattijo na iya cin waɗannan duka ya rasa shi, don cikinsa ya daina tsotsa. Wanda ya daɗe yana shan metfomin na ciwon suga ko maganin gyambon ciki irin omefrazol shi ma nasa kan ragu. Rashinsa laka yake ci, ƙafa ta yi ta zugi da dindiris, tafiya ta lalace, har mantuwa ta shigo. Maganinsa allura ce mai araha. In an kama shi da wuri mutum na miƙewa. In an bar shi shekara da shekaru, abin da ya lalace ya lalace. Shi kansa ciwon suga yana cin jijiyoyin ƙafa. Raunin aikin ƙullin wuya, wurin da maƙoƙo ke fitowa, shi ma yana kawo tangaɗi, kuma ƙwaya ɗaya a rana ke gyara shi. In kin ga an rubuta gwajin tunjere ko na ƙanjamau kada ranku ya ɓaci, ba zargi ba ne. Majinyatan Duchenne ɗin nan daga baya aka gane tsohon tunjere ne ya ci musu laka, kuma yau penisilin na kashe shi. Akwai ƙari a cikin kai, akwai kuma wani abu da ba a cika sani ba: ciwon daji a huhu, ko a mama ko ƙwan mace, kan sa garkuwar jiki ta juya ta far wa ƙaramar ƙwaƙwalwa tun kafin dajin ya bayyana. Shi ya sa likita zai iya neman hoton ƙirji alhali ƙafa kuka kawo.

Abinci da guba ma suna da nasu kason, kuma a Afirka ta Yamma aka yi wasu daga cikin muhimman binciken. Farfesa Osuntokun na Ibadan ya yi bayani a 1968 kan wata ataksiya mai haɗe da raunin gani da ji a ƙauyukan Ijebu, wadda ya danganta da dogaro ga rogon da ba a jiƙa shi ya fitar da gubarsa ba. A ƙasar Ijesha kuma an daɗe ana ganin mutane na kamuwa da makyarkyata da tangaɗi duk damina, har a 1993 likita Adamolekun ya alaƙanta abin da cin wata tsutsa ta yanayi, wadda ke rusa bitamin B1 a jiki. Da an ba su bitamin ɗin sai su miƙe cikin kwanaki. Kusa da mu, ba mu manta da gubar dalma ta Zamfara a 2010 ba, inda yara kusan 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda niƙa dutsen zinari a cikin gidaje. Tangaɗi na cikin alamun da dalma ke sa wa yaro kafin suma da jijjiga. Zaibar da masu wanke zinari ke ƙonawa ita ma ƙwaƙwalwa take hawa. Tun da samarinmu suka fara tururuwa wuraren haƙa, har da na yankin Ɗan Isa, duk matashin da ya zo mini da rawar hannu sai na tambaye shi aikin da yake yi. Haka masu shaƙar sholisho.

To ana warkewa? Amsar tana bin sanadin. Na magani, na bitamin, na ƙullin wuya, na bayan zazzaɓi, waɗannan ana samun sauƙi sosai, wasu sarai. Na toshewar jijiyar jini yakan gyaru da motsa jiki fiye da yadda ake zato. Akwai kuma wanda ƙaramar ƙwaƙwalwa ce ke tsotsewa da kanta a hankali, wannan ba a da maganin tsai da shi, sai dai a taimaki mutum ya daɗe a kan ƙafafunsa. Ba za a san rukunin da Baba yake ba sai an yi gwajin jini da hoton kai. Sikana na nuna zubar jini da babban ƙari, amma hoton IRM, wanda ake ɗauka da na'urar maganaɗisu, ya fi ta ganin wajen ƙeya, don ƙashin wurin na da kauri yana dusashe hoton sikana. In an ce sikana ba ta nuna komai ba alhali ciwon na ci gaba, ku tambayi likita ko akwai buƙatar IRM, kuma ku nemi a tura ku wurin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, wanda takarda ke kira neurologue. Ku gaya wa Baba ba likitan taɓin hankali ba ne, don dattawa da yawa kan ƙi zuwa saboda wannan ruɗani.

Kafin sakamako ya fito, faɗuwa ce abokiyar gabarku, domin karayar ƙugu a wannan shekaru ta fi ataksiyar kanta saurin kwantar da mutum. Babur ya haƙura da tuƙa shi, in kuma kabu-kabu zai hau, wani ya zauna bayansa. A sa fitila tsakanin ɗakinsa da ban-ɗaki, a kafa ƙarfe ko itace mai ƙwari da zai dafa a wurin tsuguno, ya yi wanka da alwala a zaune bisa kujera. A kawar da tabarmar da bakinta ya naɗe da igiyar shanya da ta yi ƙasa. Sanda ɗaya wani lokaci ba ta isa, har takan harɗe mai ita. Abin dafawa mai ƙafa huɗu ya fi. Shayi a zuba masa rabin kofi, kofin mai ɗan nauyi, ya kafa gwiwar hannu a cinya ko a tebur ya riƙe da hannu biyu, za ki ga zubarwar ta ragu. Ku lura da ƙwarewa: in yana tari duk lokacin da ya sha ruwa, ya zauna a miƙe, ya riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan, kunu da fura mai kauri sun fi ruwa tsinkakke sauƙin haɗiya, kuma a faɗa wa likita. Salla kuwa, hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Buhari ya yanke magana: a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kishingiɗe. Ya tafi masallaci da ɗan rakiya ya zauna a ƙarshen sahu.

Kada ku kwantar da shi da sunan tausayi. Zama wuri ɗaya na ƙara lalata saitin, motsa jiki kuma shi ne abin da aka tabbatar yana taimako ko da sanadin ba ya da magani. Ma'aikatan gashi da motsa jiki, waɗanda muke ce wa kine, suna da darussa na musamman: tashi da zama a hankali, taka alamun da aka zana a ƙasa, miƙa hannu zuwa abu ana kallo, kullum kaɗan-kaɗan ba sau ɗaya a sati ba. Kuma kada a karɓe masa lissafin shago don bakinsa ya yi nauyi. Hankalinsa na nan. A ba shi lokaci ya ƙarasa maganarsa da kansa, kada a riƙa ƙarasa masa, kada kuma a riƙa tambayar ku abin da shi ya kamata a tambaya yana zaune.

Saura gado. Akwai ataksiya ta gado, hanya biyu take bi. Wata sai uwa da uba duka suna ɗauke da ƙwayar gadon ba su sani ba, irin yadda sikila ke yi, kowane ciki na da kashi 25 cikin 100 na kamuwa. Irin wannan tun ƙuruciya ko samartaka take bayyana, kuma auren zumunci na ƙara yiwuwarta. Wadda ta fi suna a cikinsu ita ce ta Friedreich, likitan Jamus da ya bayyana ta a 1863, aka gano ƙwayarta a 1996. Ta fi yawa a Turai, ƙasashen Larabawa da Arewacin Afirka, ba kasafai ake ganin ta a baƙar fata na kudu da Sahara ba. Tana da wata mai kama da ita sak, wadda likitocin Tunisiya suka yi fice wajen bayyanawa, ta rashin bitamin E, ita kuwa shan bitamin ɗin kullum na tsai da ita. Hanya ta biyu ita ce wadda mahaifi ɗaya ya isa ya ba da ita, kowane ɗa na da kashi 50 cikin 100. An san iri fiye da 40 nata, kuma galibi tsakanin shekara 30 zuwa 50 take fara nunawa, a ga ta bi gida daga kaka zuwa uba zuwa ɗa.

Wanda ya fara bayan shekara 60, cikin watanni kaɗan, kuma babu mai irinta a danginsa, gado ba shi ne abin da ake fara zato ba, don haka kada ku ɗaga hankalinku ko ku fara maganar fasa auren wani. Abin da za ki yi shi ne ki zauna da gwaggonninki da baffanninki ki tambaye su: a iyayen Baba da kakanninsa da ƴan'uwansa, akwai wanda tafiyarsa ta lalace ko bakinsa ya yi nauyi kafin tsufa, ko da a lokacin an ce iska ce ko sammu? Ki rubuta amsar. Ranar komawa asibiti ki tafi da ita, tare da duk wani magani da yake sha a cikin leda ɗaya, na asibiti da na tebur da na gargajiya, da ɗan bidiyon tafiyarsa da kika ɗauka da waya yanzu, don a gwada da yadda zai kasance nan da wata biyu. In kuma kafin ranar kuka ga ciwon kai mai tsanani, ko amai, ko yawan barci, ko ya kasa haɗiya, kada ku jira ranar da aka ba ku.